Yadda ake kare lambun gida daga ɓarnar namun daji a ƙasar Sinnar da Gadarif

Daga watan Janairu har zuwa saukar ruwan farko, dajin da ke tsakanin Sinnar da Dindir da Gadarif a ƙasar Sudan a bushe yake ƙamas. Ciyawa ta mutu ko wuta ta cinye ta, kogin Dindir da na Rahad sun yanke, sai 'yan kududdufai nan da can a cikin yashi. A irin wannan lokaci duk mai lambu kore a bayan gida, ko a bakin kogin Nil Azrak daga Mai Wurno zuwa Sinja har Rusairis, ya sani ba shi kaɗai ya sa wa kuɓewarsa ido ba. Zomo na nan, beguwa na nan, birai na kan bagaruwar bakin kogi suna jiran ya juya baya. Waɗanda ke kusa da gandun dajin Dindir kuma har mugun dawa da mazo da kwanta-rafi sukan ziyarce su. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kayan miya suka yi tsada, ɗan fangalin tumatir da lalo da albasa ya zama shi ne rufin asirin gidaje da dama, don haka ɓarnar dare ɗaya ba ƙaramar asara ba ce.

Abin da na lura da shi, da zarar an yi wa mutum ɓarna sai ya ƙara wa shingensa tsawo. Alhali kuwa mafi yawan masu shigowa ta ƙasa suke bi. Zomo da beguwa da mugun dawa duk masu kutsawa ne ko masu tono, gada ma da barewa sun fi son su sunkuya su ratsa ta kafa a kan su yi tsalle. Saboda haka rabin aikin da zan bayyana a nan, daga gwiwa zuwa ƙasa yake.

Da farko, gano mai yi maka ɓarnar

Kada ka sayi ko da taƙi ɗaya na waya kafin ka san da wa kake faɗa. Da yamma bayan ka gama ban ruwa, ka tankaɗe toka ko yashi mai laushi, ka baza a bakin ƙofa, da gindin shinge inda kake zargi, da tsakanin fangalai. Ka shafe shi sumul da tsintsiya. Bayan sallar asuba, kafin kaji su fito su ɓata wurin, ka je ka karanta sawun. A yi haka kwana biyu ko uku a jere, don wasu dabbobin ba kullum suke zuwa ba.

Ganyen da aka ci ma yana ba da labari. Akuya da tunkiya da duk dangin barewa ba su da haƙoran gaba a sama, sai dasashi mai tauri, shi ya sa fizgar ganye suke yi, bakin karan ya fito a yayyage. Zomo kuwa datsewa yake yi tsaf a karkace, kuma ɓarnarsa ba ta wuce tsayin gwiwa. Kashinsa ƙwaya-ƙwaya ne zagayayye mai ɓurɓushin ciyawa, na gada da barewa ya fi tsawo kuma yana da ɗan tsini a baki ɗaya. Tsakanin akuya da barewa, dubi kofato: na akuya ya fi faɗi da dakushewa, na barewa siriri ne mai kaifin baki.

Beguwa da dare take aiki. Takan tone dankali da rogo da gyaɗa, ta huda kankana da kabewa, ta gwaguyi ɓawon ƙananan itatuwa, kuma sau da yawa takan bar maka ƙayarta mai ratsin baƙi da fari a wurin da ta kutsa. Mugun dawa da rana ko da sassafe yake fitowa, yana durƙusawa a kan gwiwoyin gaba yana tunkuɗa ƙasa da hanci, sai ka tarar da fangali a birkice. Dila da yanyawa su ma suna shan kankana a lokacin zafi, mutane da yawa ba su san haka ba. Biri kuwa ba ya ɓuya: gatsa ɗaya ya yar, ya tsinko wani, ga sawun tafin hannu a kan toka.

In ka ga bushiya ko jaɓa, rabu da su. Ƙwari suke ci, taimakonka suke yi.

Na biyu, kwashe abin da ke kiran su

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ruɓaɓɓen tumatir da mangwaron da ya faɗo, da ɓawon kankana da ake zubarwa a bayan danga, su ke fara jawo baƙi. A binne su a ramin taki a rufe da ƙasa. A share ciyawa da tarin kara da tsofaffin tubala faɗin mita ɗaya zuwa biyu a kewayen lambu, domin zomo da ɓera ba sa son ratsa fili tsirara inda mujiya da shaho za su hango su. Randa ko duro na ban ruwa a rufe, famfon da ke ɗiga a gyara. Da rani, ruwan da ke kwance a gindin shinge ya fi ganyen kansa kiran dabba.

Na uku, awo da kafa dirkoki

Bari mu ɗauki lambu mai tsawon mita 15 da faɗin mita 10. Kewayensa mita 50 ke nan. In za a kafa dirka kowace mita 2.5, ana bukatar guda 20, a ƙara ɗaya ta ƙofa da kamar takwas na tokare kusurwoyi, biyu a kowace kusurwa. Kowace dirka ta kai mita 2.5, santimita 70 a cikin ƙasa, mita 1.8 a waje.

Wannan zurfin ba ɓata ƙarfi ba ne. Baƙar lakar Jazira da Sinnar da Gadarif tana da hali: da rani ta dare har hannu ya shige, da damina ta sha ruwa ta kumbura. Dirkar da aka kafa taƙi biyu kawai, damina ɗaya ta isa ta kwantar da ita, kuma da zarar dirka ta karkata, raga ta ɗaga daga ƙasa, an buɗe wa zomo hanya. A haƙa ramin da dagi, a zuba tsakuwa ko fasassun tubala a gindi, a tsayar da dirka, sannan a riƙa cikawa kaɗan-kaɗan da yashi gauraye da tsakuwa ana dannawa da gindin dagi. Kada a mayar da tsantsar lakar da aka haƙo. Na kusurwa da na ƙofa su fi sauran kauri, don su ke ɗaukar nauyin waya idan an ja ta.

Sai maganar gara. Mai hali ya sayi ƙarfe ya huta. Mai itace ya nemi bagaruwa, wadda ƙarfinta ya sa aka daɗe ana yanka katakon shimfiɗa titin jirgin ƙasa daga dazukanta na bakin Nil Azrak. Amma yawancin waɗannan dazukan na gwamnati ne, kada ka shiga da gatari sai da iznin ma'aikatan gandun daji, ko ka saya a wurin masu sayar da itace. Ko wane itace ne, a ɓare ɓawonsa, a bari ya bushe, a babbake ɓangaren da zai shiga ƙasa har ya yi baƙi, ko a shafe shi da kwalta. Babbakar ta haura bakin rami da taƙi guda, domin daidai inda itace ya haɗu da fuskar ƙasa nan ne yake fara ruɓewa.

Na huɗu, gindin shinge

Nan ne aikin yake, nan kuma aka fi yin ha'inci.

Ka nemi ragar waya mai faɗin mita 1.2, mita 50 da ɗan ƙari saboda haɗi. Idanunta kada su wuce santimita 3. Babban zomo ba zai ratsa ido mai santimita 5 ba, amma ɗansa zai wuce. Ragar kaji ta fi araha kuma ta isa zomo, sai dai beguwa tana iya datse ta da haƙori, mugun dawa kuma ya banke ta, ga shi tana saurin tsatsa a cikin ƙasa. In toka ta nuna maka sawun ɗayan waɗannan biyun, ka daure ka sayi mai kauri, ko da a ɓangaren da ke fuskantar daji ne kawai.

Kafin a ɗaura raga, a ja waya mai kauri daga dirka zuwa dirka har layi biyu, ɗaya dab da ƙasa, ɗaya a tsayin santimita 90, a ɗaure su tamau. A kansu raga za ta rataya. Sannan a kankare ƙasa ta wajen shinge, zurfin kamar yatsu huɗu, faɗin santimita 30. A tsayar da santimita 90 na ragar a jikin dirkoki, sauran santimita 30 a lanƙwasa su waje, su kwanta a cikin wurin da aka kankare. A danne bakin da turakun ƙarfe ko duwatsu, a mayar da ƙasa a kai a tattake.

Dalilin lanƙwasawar nan shi ne halin dabba mai tono. Takan zo har jikin shinge sannan ta fara haƙa a gindinsa. In raga miƙe take cikin ƙasa, sai ta ci gaba da tono har ta wuce ƙarƙashinta. In kuwa a kwance take a ƙarƙashin ƙafafunta, da ta fara tono sai farce ya ci karo da waya, kuma ba ta da dabarar ja da baya ta faro daga nesa. Ka tabbata lanƙwasar waje take kallo, in ta kalli cikin lambu aikin banza aka yi. Inda beguwa ta addabi mutane a ƙara faɗin zuwa santimita 45, a jera manyan duwatsu a kai.

Wurin da raga biyu suka haɗu, a ɗora ɗaya kan ɗaya taƙi guda a ɗinke da siririyar waya. Tsakanin dirka da dirka a ɗaure raga da wayar ƙasa kowane kamu. Sai kuma magudanar ruwa: duk inda ƙaramar hanyar ruwa ta shigo lambu daga kogi ko injin ban ruwa, a sa bututu a toshe bakinsa da raga. Mutum yakan kashe kuɗi ya kewaye lambu duka, ya bar wannan kafar a buɗe.

Na biyar, sama da ƙofa

Daga kan raga zuwa kan dirka a ja waya layi huɗu, a tsayin santimita 110, 130, 155 da 180. Mita 200 ke nan ga lambun da muka auna. Na fi son waya maras ƙaya a lambun gida, saboda yara da tufafin mata, kuma dabbar da ta maƙale a waya mai ƙaya takan yi mummunar mutuwa. A ɗaura tsummoki farare a layin sama don dabba ta ga akwai abu a gabanta, kada ta afka masa a guje cikin duhu.

Mazo gwanin tsalle ne, in an matsa masa yana iya haure shinge mai tsayin mutum. Amma dabbobin nan ba sa son tsallaka abin da ba su ga inda za su dira ba. Don haka zana ko dangar kara da aka jingina a jikin waya tana ƙara tsaro sosai, tana kuma tare iskar hunturu. Wata dabarar ita ce a yi ɗan gajeren shinge na biyu, ko layin ƙaya, kamar mita ɗaya da rabi a wajen na farko. Dabbar da za ta iya tsallake tsawo takan yi shakkar tsallake tsawo da faɗi a lokaci guda.

Ƙofa ɗaya ta isa. A binne katako ko a jera tubala a ƙarƙashinta, yadda in an rufe ko yatsu uku ba za su shige ba. A lulluɓe ƙyauren da raga, a ɗaura masa tsohuwar robar taya yadda zai riƙa rufe kansa, domin yaron da aka aika tsinko barkono ba zai tuna ba.

In kuɗin waya bai samu ba

Shingen ƙaya da kakanni suka yi amfani da shi har yanzu yana aiki, in an yi shi da kyau. A saro rassan kitir (wani itace mai ƙaya kamar ƙugiya) ko magarya ko dushe, a jera su gindin reshe na kallon cikin lambu, kan ƙayar na kallon waje. A fara da ƙananan rassa masu cunkoso a ƙasa, a danna su da gwafa har su manne da ƙasa, sannan a ɗora manya a sama ana sarƙa su da juna. Faɗinsa ya kai mita ɗaya, tsayinsa ya kai ƙirji. Kowane taku uku a kafa turke a tsakiya don iska da raƙuma kada su ja shi. Illarsa uku ce: yana zaizayewa kowace shekara, ɓeraye da macizai na son zama cikinsa, kuma wuta na kama shi nan da nan. Sharar da aka yi a kewaye ita ce maganin biyun ƙarshe.

Wanda lambun nasa ne na dindindin, ya dasa shinge mai rai a cikin na ƙayar tun farkon damina. Kitir ko dakwara, layi biyu a saɓa, santimita 40 tsakanin tsiro da tsiro. Sai sun shekara biyu zuwa uku kafin su rufe, kuma a wannan tsakanin akuya ce babbar abokiyar gabarsu. Da sun kai ƙugu a datse kansu don su yi rassa ta ƙasa, in an bar su suka miƙe za su zama itatuwa masu kafa a gindi. Dakwara tana da ƙarin riba, ita ce mai ba da ƙaron da Sudan ta yi suna da shi a duniya. Ta ciki kuma layin lalle yana toshe ƙananan kafofi, uwargida ma ta samu na ƙunshi. A bar kamar mita biyu tsakanin shingen da fangalin farko saboda inuwa da saiwa.

Baƙon itacen ƙayar nan da ake kira miskit dai, kada ka kuskura ka dasa shi. An shigo da shi Sudan a 1917, aka yi ta dasa shi don tare hamada, ya zo ya mamaye gonaki da magudanan ruwa, musamman a gabas wajen Kasala da Tokar, har gwamnati ta ayyana shi a matsayin muguwar shuka a 1995. Akuya na cin 'ya'yansa ta watsa irin a ko'ina, saiwarsa kuma ta shanye ruwan da ka wahala ka jawo.

Birai

Duk abin da na faɗa a sama bai dami biri ba. Ƙananan biran bakin kogi masu farin saje, da gwaggon biri na wajen Dindir da duwatsun kudu, raga tsani ce a wurinsu. Abin da za ka iya yi shi ne ka rage musu sauƙi. A sare duk reshen da ya leƙo kan shinge, a bar tazarar da ba za su iya dira daga itace zuwa ciki ba. Masara da gwaiba da ayaba da kankana, waɗanda suka fi so, a shuka su ɓangaren da ke kusa da gida, a bar barkono da yakuwa da albasa a ɓangaren daji. Ayaba a sare ta da ta ƙosa, ta nuna a ɗaka. Tumatir a tsinke shi da ya fara ja.

Sauran aikin gadi ne, da sassafe da kuma bayan la'asar. Kare mai haushi yana taimakawa da ƙananan birai, amma namijin gwaggon biri yana iya yaga kare. Gwaggon biri yana kuma bambance babban namiji da mace da yaro, ya fi raina na ƙarshen, don haka kada a tura ƙananan yara su kaɗai. Maƙwabtan lambu su haɗa kai su yi karɓa-karɓa, da majajjawa da gwangwani. Kada kowa ya ba biri abinci da hannu, ko da wasa. Wanda biri ko dila ko baƙon kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, a kai shi asibiti ranar, saboda ciwon haukan kare.

Tsuntsaye, ɓeraye da kurege

Tsohon gidan sauro shi ne abu mafi araha na rufe gadon iri. A kafa 'yan sanduna, a ɗame shi a kai, a danne gefe da ƙasa. Garuruwanmu na masunta ba sa rasa tsohon taru, shi ma yana yi, sai dai a ɗame shi sosai a kuma duba shi kullum, don maciji kan sarƙe a ciki. In kuwa jan-baki ne ya sauko garke guda a kan dawa, wannan ya fi ƙarfin mutum ɗaya, a sanar da ofishin kare amfanin gona na yankin.

Ɓera da kurege suna hawa raga. Maganinsu shara, da tarko mai ɗan man gyaɗa a bakin hanyarsu, a kife shi da kwando mai ƙaramar kafa don kaji da yara. A bar mujiya ta zauna lafiya a kogon itace, duk da camfin da ake yi mata, domin kowane dare ɓeraye take kwasa. Ƙananan itatuwan mangwaro da lemo da gwaiba kuma a zagaye gindin kowanne da raga mai tsayin santimita 60 zuwa 90, a bar taƙi guda tsakaninta da jikin itacen. In aka gwaguye ɓawo ya zagaye gindi duka, itacen ya mutu ke nan.

Feshi da abin tsoratarwa

Waɗannan taimako ne kawai, kada a dogara da su. Ga na barkono: giram 100 na dakakken busasshe a lita ɗaya ta ruwa, ya kwana, a tace da ƙyalle, a ƙara ruwa ya kai lita biyar, a narka ɗan sabulu don ya kama ganye. A gwada a kan 'yan tsirai tukuna, a fesa da yamma, a rufe ido da hanci, a tsaya ta inda iska ke fitowa. Yana korar zomo da dangin barewa na ɗan lokaci, amma tsuntsu ba ya jin zafin barkono ko kaɗan, kada ka ɓata kayanka a kansa. Ƙwai uku ko huɗu da aka kaɗa a lita biyar na ruwa suka kwana biyu suna wari, dangin barewa ba sa son su. Wannan a jiƙa tsummoki da shi a rataya a shinge, kada a zuba shi a kan jarjir ko wani ganye da ake ci ɗanye. Ruwan sama ɗaya ko ban ruwa ta sama yana wanke duka, sai an sake.

Mutum-mutumi da gwangwanaye da fitila mai aiki da hasken rana, kwanaki kaɗan dabba ke yi ta gane ba sa cizo. In za a sa su, a riƙa sauya musu wuri da kama kowane kwana biyu ko uku, kuma a adana su sai amfani ya kusa nuna.

Masu gonar 'ya'yan itace da ke da faranti mai ɗaukar hasken rana suna iya sa wayar lantarki, wadda ke ladabtar da biri. Na'ura ce ta musamman mai sakin wuta bugu-bugu, kamar sau ɗaya a daƙiƙa, ta girgiza dabba ba tare da ta kashe ta ba. Ana jan layi ɗaya a tsayin santimita 15 ta waje saboda masu tono, wasu kuma a saman raga. Busasshiyar ƙasa ba ta mayar da wuta da kyau, sai a riƙa jiƙa gindin ƙarfen na'urar da ake kafawa a ƙasa, a kuma hana ciyawa taɓa wayar. Kada wani ya haɗa shinge kai tsaye da wutar gida ko janareta. Wannan kisan kai ne, kuma yaro ko maƙwabci zai fara samu.

Guba, tarkon waya da hukuma

Akwai masu zuba maganin ƙwari a cikin kankana su ajiye a bakin shinge. Abin da ke ci ba ya tsaya kan beguwa: kare, kaji, akuyar maƙwabci, ungulun da za su ci mushen, wani lokaci har yaro. Zargen waya ma haka, duk abin da ya bi ta wurin yake shaƙewa. Ban da haka, namun daji suna ƙarƙashin dokar kare namun daji da gandayensu ta 1986, kuma gandun Dindir, wanda aka kafa tun 1935 a kan iyakar Habasha, yana da jami'ansa. Manyan gonakin tarakta da suka fara yaɗuwa daga Gadarif tun shekarun 1940 sun cinye yawancin dajin da dabbobin nan ke fita kiwo da damina, shi ya sa ƙauyukan kewayen gandun suke ganinsu a bakin danga. In babbar dabba ce ta matsa, a kai magana wurin shehun gari ko umda, wato dagaci, su isar da ita ga jami'an namun daji. Ɗan abin da tsuntsu ya tsattsaga kuwa, ya zo a hadisi ingantacce cewa Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi.

Masu noma a bakin kogi inda dorina ke fitowa kiwo da dare, waya ba ta tsayar da ita. Ba ta tsalle, don haka rami mai zurfi da miƙaƙƙen gefe ko katanga mai ƙarfi ke hana ta. A bar mata hanyar da ta saba bi, kuma kada kowa ya tsaya tsakaninta da ruwa.

Sau da yawa kuma toka za ta nuna maka kofaton akuyar unguwa ne. Wannan magana ce ta fatar baki: "Malam, dabbobin gidanka sun leƙo mu jiya, a taimaka a riƙa ɗaure su da yamma." In garken makiyaya ne, lokacin da suke gangarowa kudu bayan kaka, ka fara tabbatar lambunka bai ci burtali ko hanyar mashaya ba, sannan a je gaban shehu a yi ƙiyasin ɓarna.

Zagayen shinge

Sau ɗaya a mako ka zagaya shingen ta waje, idonka a ƙasa. Nemi sabon tono, gashi ko ƙayar beguwa a jikin waya, da ciyawar da ta kwanta ta zama 'yar hanya. Ramin da ka gani ka cika shi da duwatsu ranar, don dabbar da ta samu shiga sau ɗaya za ta dawo wurin a daren. Daga Maris zuwa Mayu a ƙara yawan zagayen, a cika tsagar da laka ta yi a gindin raga da yashi. Bayan manyan ruwan Yuli da Agusta kuma a girgiza kowace dirka, wadda ta yi lako-lako a sake danne ta, a ja wayar da ta saki, a mayar da ƙasa a kan lanƙwasar ragar duk inda ruwa ya kware ta.